Gwangwanin Yawu

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana. Azumi na tara.

Likita ta ba ni ragowar wani littafin rubutu, ta ce tunda na daina surutu a wurin aiki, gara in riƙa juye shi a takarda kafin ya kumbura mini ciki. To, ga ni. Shekarata goma sha huɗu a asibitin haƙorin nan. Ni ke dafa kayan aiki, ni ke miƙa auduga, ni ke riƙe bututun da ke tsotse yawu daga bakin mutane idan Likita tana aiki. Ko a mafarki ban taɓa zaton zan zauna ina kewar yawu ba.

Zan rubuta abin sau ɗaya, ba zan sake ba. Maigidana direban bas ne. Shekara ashirin da shida bai taɓa ko goge fentin motar wani ba, har 'yan tasha suka laƙaba masa Sannu-Sannu. Wata ranar Laraba ga shi, ga wani dattijo a kan keke, ga kwanar titi. Dattijon bai kai asibiti ba. Hukuma ta bincika ta ce ba laifin direba. Malam, limamin unguwarmu, ya ce duk da haka akwai kaffara, azumin wata biyu a jere. Yau yana na tara. Makullin bas ɗin na nan a ƙusa bayan ƙofa, inda ya rataye shi ran nan.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Na sha ɗaya.

Ya samo gwangwanin madara ya zuba ƙasa a ciki. Duk inda ya zauna yana gefen ƙafarsa. Jim kaɗan, tuf. Jim kaɗan, tuf.

Na ce, "Baban Auta, haɗiye yawunka fa ba ya karya azumi. Shekara nawa muna azumi tare, yaushe ka tsiro da wannan?"

Ya ce, "Wancan in ya karye kwana ɗaya zan rama, Likitata. Wannan in ya karye sai na koma farko."

Likitata yake ce mini tun kafin aure, don tsokana, alhali ya san ko allura ban iya ba. Na ji daɗi da ya faɗa yau, don rabona da jin sunan tun ran nan.

Ya daina goge baki da safe wai kar ruwa ya wuce. Asuwaki ma ya ajiye. In zai kuskure baki a alwala, leɓe kawai yake shafawa. In an sha ruwa, dabino ɗaya da kurɓi uku, sai ya ture kofin. Na ƙirga, uku ne cif kullum. Da asuba ma haka, sai shayi rabin kofi da ya cika wa sukari.

Asabar, ƙarfe goma na safe. Na sha huɗu.

Na zubar da ƙasar gwangwanin na sa sabuwa.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana. Na sha bakwai.

Yau wata mata ta cika mini bututu har sau biyu ina wankewa. Tana ta ba ni haƙuri, wai ita Allah ya yi ta da yawan yawu. Na ce, "Hajiya, ki gode wa Allah, da ana ɗiba da na tafi da shi gida." Ta yi dariya da auduga a baki, ba ta san da gaske nake ba.

Bayan ta tafi na tambayi Likita kamar dai tambayar aiki. Ba ta da sauƙin ruɗuwa, ta cire safar hannu ta zauna. Ta ce mai azumi dama yawunsa na raguwa da rana, amma jiki na ramawa in an sha ruwa sosai da dare, shi ya sa yawancin masu azumi ba abin da ke samun su. Ta ce yawu ne ke wanke haƙora, shi ke rage tsamin da ke cin su. Wanda ke tofar da ɗan abin da ya rage, ba ya goge baki, ba ya shan ruwa, ga sukari da asuba, to ya buɗe wa ciwo ƙofa. Ta ce, "Akwai haƙorin da dama ya taɓu?"

Akwai. Na tauna, na ƙasa, can ciki ta dama. Shekara biyu ina binsa ya zo a cike ramin yana ce mini sai fasinja sun ragu.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma. Na ashirin.

Yaya ta zo, babbar yayarsa, wadda ta goye shi. Har yanzu in ta shigo sai ya miƙe tsaye, da furfurarsa da komai. Ta zauna kusa da shi, na ga ta ɗan kau da kai, sai ta wayance ta ce, "Ai warin bakin mai azumi lada ne, ƙanena, ka bar su su toshe hanci."

Da na raka ta ƙofa na ce, "Yaya, warin bakin azumi na san shi, ina da nawa duk shekara. Wannan daban ne. Wannan shi nake shaƙa a wurin aiki."

Ta ce, "Ke dai da asibitinki. Ki bar shi ya sauke abin da ke wuyansa." Sai kuma ta kama hannuna ta matse, ta ce, "Ya rame, ko?"

Lahadi, ƙarfe tara na safe. Na ashirin da biyu.

Ina canza rigunan filo sai na tsaya. Tunda muka yi aure mutumin nan yake jiƙa mini filo da yawun barci. Na yi mita har na gaji. Na taɓa ce masa in ya sake zan ɗaura masa bututun asibiti. 'Yarmu Auta tana ƙarama takan zana taswirar da ya bari da yatsa, ta ce ga kogi ga tafki, shi kuma ya rantse ba shi ba ne, rufi ne ke yoyo.

Yau filon a bushe yake, fes, kamar ba a kwanta a kai ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka a kan rigar filo mai tsabta. In wani ya gan ni zai ce na taɓu.

Alhamis, ƙarfe bakwai da rabi na yamma. Na ashirin da shida.

Ya tauna dabino ya dafe kunci. Na ɗauko fitilar waya na ce buɗe. Ya ce ba komai. Na ce, "Baban Auta, bakuna nawa nake leƙawa a rana, naka ne zai gagare ni?" Ya buɗe.

Harshen ya yi fari ya tsattsage. Dasashin ya yi ja, ko taɓawa ban yi ba yana jini. Gindin haƙorin nan ya tasa. Na ce gobe mu je, Likita za ta duba ka kafin kowa. Ya ce in ruwan injinku ya wuce maƙogwaro fa, in jini ya wuce fa? Na ce ni ce zan riƙe bututun, ko ɗigo ba zan bari ba, ko ba ka yarda da aikina ba ne?

Ya ce, "Na yarda da ke. Saura talatin da huɗu."

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana. Na talatin.

Rabi. Kurɓi uku.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma. Na talatin da biyu.

Na kai ƙara wurin Malam, ya biyo ni gida bayan la'asar. Ya ga gwangwanin ya ce, "Wannan kuma na mene ne, tsuntsu kake kiwo?" Ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla. Yawun mutum ba ya karya masa azumi. Asuwaki halal ne. Kuma in ciwo ya tilasta ya sha, ba zai koma farko ba, in ya warke ya ɗora daga inda ya tsaya. Har ya ce, "Ni na gaya maka kaffarar nan, ban gaya maka ka kashe kanka ba."

Maigidan ya saurara kansa a ƙasa, ya ce, "Na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi." Ya raka shi har bakin titi. Na ce shi ke nan, an gama. Ya dawo ya zauna, ya jawo gwangwanin da ƙafa. Ba abin da ya fito ma, motsin leɓen ne kawai.

Ashe duk kwanakin nan ni na yi kuskure. Na ɗauka rashin sani ne.

Asabar, ƙarfe biyu na rana. Na talatin da biyar.

Kuncin ya kumbura, idon dama ya ƙanƙance. Na ɗauki hoto a ɓoye na nuna wa Likita. Ta ce za ta jira shi a asibiti har bayan magariba, ta buɗe don shi kaɗai, ba sauran zancen azumi. Na kawo masa saƙon da gudu kamar wadda ta tsinci abu.

Ya ce ki gode mata, a bari sai na gama.

Likita ta ba ni magani ya sha da buɗa-baki da sahur. Yana haɗiye shi da kurɓi ukun nan, ba ƙari.

Litinin, ƙarfe shida na safe. Na talatin da bakwai.

Na ɗaga masa murya jiya. Na ce rai ɗaya ya tafi, so kake a yi biyu? Allah ya yafe mini.

Talata, ƙarfe takwas na yamma. Na talatin da takwas.

Zazzaɓi. Kumburin ya gangaro ƙasan muƙamuƙi, bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu. Likita ta ce wannan shi take tsoro, in ya sauka wuya zai iya toshe numfashi. Ta ce ba maganar jira, sai ya ajiye azumin, a sa masa ruwa da magani ta jijiya, a cire haƙorin.

Da aka kira salla na miƙa masa kofi. Ɗaya, biyu, uku, ya ture. Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafarsa na ce, "Me ya sa uku?"

Ya kalli kofin. Muryarsa ma a bushe take yanzu, sai na kasa kunne.

Ya ce, "Ya roƙe ni ruwa."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Kansa na kan cinyata. Gorar ruwana na hannuna, a cike. Ya ce ɗana, ruwa. Sau uku ya faɗa. A horon da aka yi mana a tasha an ce kar a ba wanda ya yi haɗari ruwa, zai iya shaƙe shi. Na ce Baba ka yi haƙuri, yanzu za a zo. Na riƙe gorar ina kallonsa, leɓensa na motsi." Ya numfasa. "In ruwa ya taɓa bakina sai in ga leɓen nan. Yawuna ma in na haɗiye sai in ji kamar na sata."

Kwana talatin da takwas ina kwana kusa da mutumin nan ban sani ba. Na rungume ƙafafunsa.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana. Na talatin da tara.

Likita ta ce abin da aka koya masa daidai ne, ita ma da abin da za ta yi ke nan. Na gaya masa ta waya. Ya ce ya sani. Ya ce Malam ya yafe, Likita ta yafe, hukuma ta yafe, duk ba su ne suka roƙa ba.

Likita ta ce gobe ne ƙarshe, in bai zo ba za ta aiko a ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Na san shi, zai bi su, a sa masa ruwa a jijiya, ya dawo gida ya ɗauki gwangwaninsa.

Alhamis, ƙarfe tara na safe, a cikin mota. Na arba'in.

Na ce wa Likita zan makara. Na san gidan dattijon, mun je gaisuwa ni da Yaya. Ban san me zan ce ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana, a barandar asibiti.

Matar dattijon tana takaba, ba ta fita. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta gane ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Tashi, 'yata, ga kujera. Yaya mai jikin? An ce mini yana azumi."

Na ce, "Mama, azumin ne ya kawo ni." Na gaya mata gwangwanin, da kurɓi ukun, da kumburin. Da na zo kan dalili sai harshena ya yi nauyi. Wace irin mace ce za ta gaya wa mai takaba mijinta ya tafi da ƙishi?

Ita ta taimake ni. Ta ajiye faifan ta ce, "Ya yi magana? Ba wanda ya gaya mini ko ya yi magana."

Na gaya mata. Ta rufe ido. Ta ce, "Shi ke nan abin da ya ce?" Na ce maigidana ya ce daga baya ya yi kalmar shahada, shi yake laƙƙana masa, kansa na kan cinyarsa.

Ta ce, "A cinyarsa?"

Na ce e.

Ta ce, "Ashe ba a ƙasa ya cika ba. Ni kullum a kan kwalta nake ganinsa, shi kaɗai." Ta yi kuka, na yi, ban san wa ke lallashin wa ba.

Sai ta miƙe ta je taga ta ɗauko wata tsohuwar gorar roba, shuɗiya, an ɗaure murfinta da zare. Ta ce, "Kin ga wannan? Gyaran keken ɗinki yake yi gida-gida, yini yake a rana. Kullum sai na cika masa, kullum sai ya manta, sai na bi shi da ita har ƙofa ina masifa. Ran nan ina wanki, na ce yau dai ya ji a jikinsa. Tun ranar take nan, ban iya taɓa ta ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kin ga mu biyu ne muka hana shi ruwa, ni da mijinki. In haka ne sai mu bushe tare, kuma shi da yana nan da dariya zai yi mana."

Ta wanke gorar ta cika ta a famfo. Ta ce, "Ki kai masa. Ki ce matar mutumin ce ta aiko. Ki ce ban aiko don magariba ba."

Na iso gida sha biyu da kwata. Yana zaune a falo, gwangwani a gefe, gumi a goshi. Na ajiye gorar a cinyarsa na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ko kalma ba. Na gaya masa ta dattijon ce. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya daɗe yana shafa zaren. Ya ce, "Ta ce haka?" Na ce ta ce.

Ya kwance murfin. Bakin ba ya buɗuwa, rabi na zuba a rigarsa. Na ƙirga ba da niyya ba, ɗaya, biyu, uku. Huɗu. Biyar. Daga nan na daina gani sosai.

Yanzu yana ciki, an sa masa ruwa a jijiya. Gorar na ƙarƙashin hannunsa, ya hana nas ta ɗauke.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe.

An cire. Ni na riƙe bututun. Likita ta ce in fita wata ta karɓe ni, na ce shekara biyu nake jiran bakin nan a kujerar nan, ba mai ƙwace mini. Da ta ɗaga haƙorin ta nuna masa, ya lumshe ido don kunya. Ta ce da an ƙara kwana biyu da ba a nan za mu yi maganar ba.

Da auduga a bakinsa ya yi wata magana. Na sunkuya. Wai, "Likitata, ashe kin iya aiki."

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe.

Ya ɗora. Malam ya ce daga arba'in zai kama, tunda na ranar bai cika ba. Da asuba ya sha kofi uku, kofi fa, ba kurɓi ba, ina tsaye a kansa. Ya goge baki a gabana kamar ɗan makaranta. Gwangwanin na zuba masa sabuwar ƙasa na dasa albasa a ciki, ya ce rainin ya yi yawa.

Ya wanke gorar ya ce ranar da ya gama zai mayar da ita da kansa. Ya tambaye ni ko matar dattijon tana da mai ɗebo mata kaya daga kasuwa. Yana magana yana kallon ƙusar bayan ƙofa. Na yi kamar ban gani ba.

Asabar, ƙarfe uku da rabi na rana. Na hamsin.

Na dawo daga aiki na tarar yana barcin rana, ya juya wa ƙofa baya, baki a sake. Na zo zan tashe shi don la'asar sai na ga filon. Wani ɗan da'ira ne, bai kai tafin hannu ba, a jiƙe.

Ya farka ya gan ni a tsaye ina kallo. Ya duba, ya goge gefen baki da sauri, ya ce, "Rufin nan fa sai an gyara."

Na ce, "Kar wanda ya taɓa mini rufi."

Yau ranar wanki ce. Na kwashe zannuwan gado duka, na bar rigar filon.